Harshen Ƙa'idojin Ajin Kwamfuta da Matsalar Fahimtarsu ga Ɗalibai Hausawa na Agege da Abule Egba

1.0 Gabatarwa

A makon farko na zangon karatu, malamin da zai koyar da darasin kwamfuta a kwaleji yakan raba wa ɗalibansa wata takarda, ko ya aika musu da ita ta wayar hannu, wadda ke ɗauke da ƙa'idojin aji: sau nawa za a halarci darasi, yaushe za a miƙa jinga, me aka yarda a taɓa a ɗakin kwamfuta, da kuma hukuncin wanda ya saɓa. Da Ingilishi ake rubuta takardar, kuma ba kasafai ake tsayawa a yi bayaninta ba, domin an ɗauka cewa duk wanda ya ci jarrabawar shiga kwaleji zai iya karanta ta. To amma karantawa daban, fahimta daban.

Wannan maƙala ta dubi irin waɗannan ƙa'idoji ta fuskar harshe, tare da ɗaukar ɗaliban da suka tashi a unguwannin Hausawa na Agege da Abule Egba a Jihar Legas a matsayin misali. Ra'ayin da aka tsaya a kai shi ne, kusan kowace ƙa'ida ta ajin kwamfuta tana da dalili da ya samo asali daga yadda na'urar ke aiki, kuma idan aka juya lafazin ƙa'idar zuwa Hausa aka bar dalilinta a baya, abin da ke isa ga ɗalibi yakan zama wata ƙa'ida ce daban da wadda malami ya nufa.

2.0 Muhallin Ɗaliban

Hausawa sun daɗe a Agege. Cinikin goro da na shanu ne ya kawo su, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Ikko, ta isa Badun a 1901, ta kuma isa Kano a 1912, ita ta ƙarfafa zamansu har Zangon Agege ya bunƙasa ya sami sarkinsa. Abule Egba, wadda sunanta a Yarabanci ke nufin ƙauyen Egbawa, tana gaba kaɗan a kan hanyar Abeokuta. Yaron da ya tashi a wannan yanki yakan yi Hausa a gida da masallaci, ya yi Yarabanci da Ingilishin Buroka a kasuwa, ya haɗu da Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, sannan ya yi karatun boko da Ingilishi. Yanki ne mai tsohon tarihin karatun addini. A Agege ne Markaz ɗin da Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri ya kafa take.

Idan irin wannan yaro ya gama sakandare, kwamfuta na tare masa hanya tun kafin ya shiga kwaleji. Hukumar JAMB ta fara jarraba ɗalibai ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan na'urar. Bayan nan sai ya nufi makarantu irin su Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka, ko ɗaya daga jami'o'in jihar. Ko da Hausa ko Tarihi ya je karantawa, da wuya ya kuɓuta daga darasin sanin makamar kwamfuta, wanda ake sakawa cikin darussan gama-gari. Tushen wannan tsari ya koma ga manufar ilimin kwamfuta da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1988. Hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977, ita ke shata mizanin kwalejojin fasaha, yayin da hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ke kula da kwalejojin ilimi.

Ɗalibin kansa yakan shigo da nasa tsammanin. A kusa da shi akwai kasuwar kwamfuta ta Otigba a Ikeja, inda yake ganin tsararrakinsa na gyaran waya da kwamfuta suna samun na kashewa, don haka sau da yawa abin da yake zato shi ne za a koya masa sana'ar hannu cikin ɗan lokaci. Sai ya tarar da lissafi da tsara matakan warware matsala a kan takarda. Kalmar "kwamfuta" a bakin jama'a ta haɗe abu uku: sarrafa na'urar, da gyaranta, da kimiyyar da ke ƙarƙashinta. Takardar ƙa'idoji ba ta cika bambanta su ba.

3.0 Umarni a Rigar Fata

Matsala ta farko ta nahawu ce. Ingilishin hukuma yana son sakaya umarni, ta yadda jumlar da ke ɗauke da tilas za ta fito da siffar ladabi. Idan aka bi irin wannan jumla kalma da kalma, abin da za a samu shi ne (1a), alhali abin da malami ke nufi shi ne (1b):

(1a) Ana sa ran ɗalibai za su halarci darasin aiki da na'ura.
(1b) Dole ne kowane ɗalibi ya halarci darasin aiki da na'ura; wanda bai yi ba ba zai zauna jarrabawa ba.

A Hausa, sa rai fata ne. Ana sa ran ruwan sama, ana sa ran dawowar matafiyi, kuma babu wanda ake hukuntawa idan abin bai auku ba. Ɗalibin da ke karanta Ingilishi yana juya shi zuwa Hausa a zuci zai ɗauki (1a) a matsayin nasiha. Haka abin yake ga kalmar da aka saba fassarawa da "ya kamata", wadda a Hausa ke nuna abin da ya fi dacewa kawai.

Hausa ba ta rasa kayan aiki a nan ba. Tana da dole da tilas da wajibi ga abin da ba makawa, tana da ya kamata da an fi so ga abin da ake ƙarfafawa, tana da ana iya da an yarda ga izini, tana kuma da an hana da kada ga hani. Hasali ma ɗalibin da ya yi karatun fiƙihu ya riga ya saba da rarrabe wajibi da mustahabbi da makaruhi, wato ke nan ya fi wasu shirin gane cewa ƙa'idoji hawa-hawa ne. Sai dai bai dace mai fassara ya kai ga kalmar "haramun" ba a kan shiga ɗakin kwamfuta da ruwan leda, domin nauyinta na addini ya wuce girman laifin.

4.0 Halarta da Lokaci

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a manyan makarantun Nijeriya ita ce ta halartar kashi 75 cikin ɗari na darussa kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Wannan adadi ba ya ba ɗalibi tsoro har sai an mayar masa da shi zuwa kwanaki. A zangon da ke da makonnin koyarwa 15, idan sau ɗaya ake shiga ɗakin kwamfuta a mako, kashi 75 ya ɗan haura zama 11, ke nan sai an halarci 12. Zama uku kacal ɗalibi ke da damar rasawa, har da na rashin lafiya da na tafiya gida jana'iza ko biki. Ga wanda ke tasowa daga Abule Egba zuwa Yaba cikin cunkoson Legas, zama uku ba su da wuyar salwanta, ko da yake jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙaddamar a 2024, wanda ke bi ta Agbado da Agege da Ikeja da Yaba, ya kawo wani sauƙi.

Dalilin tsananta wannan ƙa'ida a darasin kwamfuta shi ne, darasin jeren gini ne. Wanda ya rasa darasin Adabi zai iya aron littafin abokinsa ya kwafe bayani. Wanda ya rasa ranar da aka koyi yadda ake sa na'ura ta maimaita umarni ba zai iya aron hannun abokinsa ba, kuma darasin mako mai zuwa a kan wannan za a ɗora shi. Daɗin daɗawa, na'urar ba ta yi wa kowa uzuri. A harsunan shirya manhaja irin su C da Java, waƙafi mai ruwa ɗaya idan ya ɓace a ƙarshen layi, duk shirin zai ƙi aiki, kuma ba a koyon lura da irin wannan sai a gaban na'ura.

Akwai wani tarko na harshe da ya shafi wa'adin miƙa jinga. Inda ake miƙawa ta intanet, na'urar ce ke rufe ƙofa da kanta idan lokaci ya cika, kuma an saba sa wa'adin a ƙarfe 11:59 na dare. A ce malami ya sa ranar Juma'a. Ɗalibin da ya isar da saƙon ga 'yan'uwansa da Hausa zai iya cewa (2a) ko (2b):

(2a) Za a rufe a daren Juma'a.
(2b) Za a rufe ranar Juma'a da dare.

A lissafin Musulunci da Bahaushe ya gada, dare ne ke gabatar rana, saboda haka daren Juma'a shi ne daren da zai waye Juma'a, wato Alhamis da dare. Wasu masu magana, musamman matasan birane, sukan yi amfani da (2a) da ma'anar (2b). Ke nan jumla ɗaya na iya nufin darare biyu. Idan wa'adin na Juma'a ne aka ce (2a), asarar ɗalibi ita ce gaggawar kwana ɗaya. Amma idan malami Bahaushe ya ce daren Juma'a yana nufin Alhamis, ɗalibi kuma ya ji shi da ma'anar zamani, to jinga ta wuce shi. Maganin abin mai sauƙi ne: a ambaci rana da kwanan wata da sa'a, a guji siffar (2a) baki ɗaya.

5.0 Kare Na'ura

Ƙa'idojin hana abinci da abin sha, da na rufe na'ura bisa tsari, ba su da wuyar fassara, kuma dalilinsu a fili yake. Haka ma umarnin adana aiki a kai a kai. Duk wanda ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan ba ya bukatar dogon bayani.

Wadda ke bukatar tsayawa ita ce ta hana sa manhajar waje a na'urorin makaranta. Kalmar manhaja daga Larabci take, kuma malaman makaranta sun daɗe da saninta da ma'anar tsarin abin da za a koyar. Daga baya kafofin yaɗa labarai suka ba ta ma'ana ta biyu, wato shirin da ke sa kwamfuta ko waya aiki. A ko'ina ma'anonin biyu na iya zama lafiya, ban da ajin kwamfuta, inda suke haɗuwa a jumla guda:

(3) Kada a sa manhajar da ba ta cikin manhaja.

Jumlar daidai take, amma ba ta isar da komai. Ya rage ga masana su ware, ko dai a ce manhajar karatu da manhajar kwamfuta a duk inda za a sami ruɗani, ko a bar wa ta farkon "tsarin karatu". Aikin da aka yi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya shafi nazarin harshe da adabi ne. Fannin kwamfuta na bukatar irinsa.

Dalilin hanin kuwa shi ne yaɗuwar ɓarna daga na'ura zuwa na'ura. Ƙwayar cutar kwamfuta da aka sani da Brain, wadda ta ɓulla daga Lahore ta ƙasar Pakistan a 1986, ta hanyar faifan ajiya ta yaɗu, kuma filashin da ɗalibi ya kai shagon buga takardu ya dawo da shi aji na iya yin irin wannan aiki. A nan kwatancen ƙwayar cuta ya yi wa Hausa daidai, domin ya ɗauko ma'anar yaɗuwa tare da shi.

Ƙa'idar kalmar sirri ta fi ta baya karo da al'ada. A zaman zango, hana ɗan'uwa aron abu rowa ce. Amma na'ura ba ta san fuska ba. Duk abin da aka aikata da kalmar sirrin ɗalibi, shi za ta rubuta wa. Haka kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta sa kutse cikin na'urar wani ba da izini ba ya zama laifin da kotu ke hukuntawa. Idan aka ce wa ɗalibi kalmar sirri kamar sa hannu take, ya fi saurin ganewa a kan a ce masa kamar mabuɗi take, domin ana aron mabuɗi.

6.0 Kwafi, Sata da Algus

Nan ne matsalar ta fi zurfi, nan ne kuma hukunci ya fi tsanani, domin yakan kai ga soke sakamako ko kora. Nijeriya ta daɗe tana tsananta wa maguɗin jarrabawa: dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21, kafin dokar 1999 ta zo da tara da ɗauri masu sauƙi a kan haka. Ɗalibi ya san satar amsa a ɗakin jarrabawa laifi ce. Abin da bai cika bayyana gare shi ba shi ne laifin miƙa aikin wani a matsayin jinga.

Kalmar da aka fi amfani da ita wajen fassara wannan laifi ita ce "satar fasaha". Tana da rauni biyu. Na farko, a kunnen jama'a ta riga ta tafi ga masu gurza faifan fim da waƙa suna sayarwa ba da izini ba, abin da masu shirya finafinan Hausa a Kano suka daɗe suna kuka da shi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, sata a Hausa na bukatar rashin yardar mai abu. Idan aboki ya tura wa abokinsa fayil ɗinsa da hannunsa, ya ce ya canza suna ya miƙa, babu wanda aka yi wa sata a tsakaninsu. Kyauta ce, kuma zumunci ne. Shi ya sa ɗalibi zai iya rantsewa cewa bai yi sata ba, kuma bisa ma'anar kalmar gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ganin an hukunta mai bayarwa tare da mai karɓa.

Wanda aka cuta a nan shi ne malamin da ke awo, da kuma duk wanda zai dogara da takardar shaidar nan gaba. Laifin na yaudara ne, kuma kasuwa ta riga ta ba Hausa kalmarsa: algus. Ɗan Zangon Agege ya san abin da ake nufi idan aka jera goro mai kyau a saman huhu aka ɓoye mai tsutsa a ƙasa. Ya kuma san cewa wanda ya taya shirya huhun yana da kaso a laifin. Idan aka ce "algus a jinga", ko "ha'inci a jinga", an kama mai bayarwa da mai karɓa a lokaci ɗaya, an kuma nuna inda cutar take. Kalmar na kuma iya ɗaukar sabon yanayin da ya taso tun daga ƙarshen 2022, lokacin da manhajar ChatGPT ta fito, inda na'ura ce ke rubuta aikin. A nan ma babu mutumin da aka sace wa komai, amma algus ɗin na nan daram.

Akwai masu ganin cewa tarbiyyar hadda ce ke sa ɗalibin da ya fito daga makarantar allo kwafe aikin wani. Wannan ra'ayi ya duba rabin al'amarin ne. Gaskiya ne cewa a karatun zaure maimaita lafazin malami ba tare da canji ba abin yabo ne. Amma a wannan al'ada ɗin dai, danganta magana ga mai ita wajibi ne, kuma almajiri na alfahari da ambaton wanda ya karantar da shi da littafin da ya ɗauko. Ke nan ƙa'idar ambaton madogara tana da gindin zama a tunanin ɗalibin, muddin aka gabatar masa da ita ta wannan ƙofa. A shirya manhaja ma ana ɗauko guntun aikin wasu a yi amfani da shi. Abin da ake bukata shi ne a faɗi inda aka ɗauko, kuma a iya bayanin yadda yake aiki. Saboda haka malamin da ya kira ɗalibi ya zaunar da shi gaban na'ura ya ce ya canza layi ɗaya a cikin aikinsa, ya fi mai dogaro da rantsuwa samun gaskiya.

Ya kamata takardar ta shata iyakar taimako a fili, domin "haɗin kai" da "taimakon juna" duk kalmomin yabo ne a Hausa. An yarda a tattauna hanyar warware matsala da baki. An hana tura fayil.

7.0 Haƙƙin Ɗalibi da Batun Suna

Mafi yawan irin waɗannan takardu na lissafa abin da ke kan ɗalibi ne, su yi shiru game da abin da ke kan malami. Ɗalibi na da haƙƙin sanin yadda aka raba maki tsakanin auna fahimta da jarrabawa, wanda galibi 30 da 70 ne ko 40 da 60, da haƙƙin ganin jingarsa bayan an duba, da kuma haƙƙin taɓa na'ura da hannunsa a lokacin da aka ware. Inda ɗalibai huɗu ke kewaye da na'ura ɗaya, mai ƙarfin hali ne ke riƙe madannai, mai kunya kuwa ya gama zango yana kallo, alhali rajista ta nuna ya halarta. Haka nan "na gane" a bakin yaron da aka yi wa tarbiyyar girmama malami sau da yawa amsar ladabi ce, don haka umarnin cewa duk wanda bai gane ba ya yi tambaya ba ya wadatarwa.

Akwai kuma ƙa'idar da ke cewa a sa wa fayil suna da haruffan Ingilishi da lambobi kawai. Tana da dalili, amma tana taɓa Hausa kai tsaye. A zamanin tafireta, da alƙalami ake ƙara wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa bayan an gama bugu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya tanadar wa waɗannan haruffa gurbi, kamar yadda ya ba da damar rubuta ɗigon ƙasa da alamun karin sauti na Yarabanci da Ibo. Duk da haka madannan da ke ɗakunan kwamfuta na Ingilishi ne, kuma ba kowane darasin sanin makama ke koya wa ɗalibi yadda zai fito da haruffan harshensa ba. Sakamakon shi ne ɗalibin Hausa ya ci darasin kwamfuta, amma ya rubuta kundinsa ba tare da bambanta kafa da ƙafa, ko bari da ɓari ba.

Alhamza ta fi haruffa masu lanƙwasa shan wahala. A harshen SQL, wanda ake tambayar rumbun bayanai da shi, wannan alama ce ke buɗe rubutu ta kuma rufe shi. Idan mai shirya manhaja bai yi tanadi ba, suna irin Mu'azu ko Sa'adatu na isa sai na'ura ta ɗauka an rufe rubutu bayan harafi biyu, ta ƙi karɓar sauran. Shi ya sa wasu fom-fom ke ƙin alamar, mai suna ya koma Muazu a wata takarda, Mu'azu a wata. Tun daga 2021 da JAMB ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa wajen rajista, daidaituwar suna a takardu ta ƙara muhimmanci. Gyaran wannan matsala a cikin manhaja bai wuce a ware bayanin da mutum ya shigar daga umarnin da ake ba rumbun ba, kuma darasi ne da ake koyarwa a ajin rumbun bayanai saboda dalilin tsaro. Malamin da ke da ɗalibi mai suna Isma'ila a ajinsa yana da misalin da zai koyar da shi a cikin rajistarsa.